Fatake a Bayan Ganuwa: Wasannin Takobi da Dodanni da 'Ya'yanmu Ke Kwana a Kai



Mu iyaye, duk abin da yaro ya riƙe yana latsawa suna ɗaya muke ba shi: gem. To amma gem suna suka tara. Akwai na ƙwallo da ake bugawa a shagunan bakin titi, a biya, a buga, a tashi. Wannan ba shi nake magana a kai ba, don yana da farko yana da ƙarshe, kuma ihun yara kaɗai ya isa ya gaya maka inda ɗanka yake. Wanda ya dame ni shi ne mai shiru. Yaro ya shige ɗaki da laftof ko waya, ya toshe kunne, ya zama wani mutum a wata ƙasa da babu ita: jarumi mai takobi, ko boka, ko ɓarawo. Ya yi ta yawo yana karɓar aike, yana kashe dodanni, yana tara dukiya da ƙarfi. Irin wannan ba a gama shi a zama ɗaya. Wani sai an ci awa ɗari ana kansa.

Da yake ina jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan, an sha tambayata hukuncinsa. Malamanmu na Islamiyya sun hore mu kada mu yanke wa abu hukunci ba mu ga kamarsa ba. Saboda haka na sa yaron shagona, mai jin Turanci, ya riƙa kawo laftof ɗinsa bayan isha'i yana fassara min, ni kuma ina riƙe da fad da yatsun da suka saba da auna yadi. Wata biyu muka yi. Guda uku na gwada, kuma wallahi ba ɗaya suke ba.

Kafin nan, mu daina cewa baƙon abu ne gaba ɗaya. Wanda ya karanta Ganɗoki na Bello Kagara, da ya fito a 1934, ya san jarumin da ya yaƙi Turawa sannan ya faɗa duniyar aljanu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ai tafiyar neman magani ce, gari bayan gari, wahala bayan wahala. Ga Iliya Ɗan Maiƙarfi, ga Dare Dubu da Ɗaya, ga littattafan yaƙi na Kano da matasa ke haya. Tubalin ɗaya ne. Bambancin shi ne, a littafi kai mai sauraro ne, a nan kuwa kai ne mai hannu. Idan an yi sata, kai ka latsa.

Na fara da Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a watan Nuwamba na 2011. Tsoho ne, shi ya sa laftof 'yar gwanjo ke iya ɗaukarsa, kuma ba ya bukatar data. Ana farawa da kai a ɗaure cikin keken doki za a kai ka a sare maka kai, sai wani dodo mai fukafukai ya sauko ya ƙone garin, ka tsere. Daga nan an sake ka. Ƙasa ce ta ƙanƙara da duwatsu, ga birane masu ganuwa, ga yaƙin basasa a kan wani abin bauta da aka hana mutane bauta wa. Akwai jinsi goma da za ka zaɓa. Ni na ɗauki baƙin mutum ɗan sahara mai lanƙwasasshen takobi, don me zan zama Bature da girmana?

Dodannin ba su burge ni ba, in ka kashe uku ka ga sauran. Abin da ya tsayar da ni yana bakin ƙofar birnin Whiterun. A nan na tarar da wasu fatake sun kafa tantuna a bayan ganuwa, sun hura wuta, sun baza kaya. Mutane ne masu kamar kyanwa, ana kiransu Khajiit, daga wata ƙasa mai zafi suka zo. Ba a barin ayarinsu ya shiga gari, wai ɓarayi ne. Amma 'yan garin nan su ne ke sayen kayansu. Na ce wa yaron ya dakata. Jama'a, wannan ai zango ne! Duk wanda kakansa ya sauko da jaki ko ya biyo Binuwai ya sauka Jimeta ya san labarin nan, ana son hajarka ana ɗari-ɗari da kai. A wani birnin kuma, Windhelm, an ware unguwa guda an zuba wasu 'yan gudun hijira da aman wutar dutse ya koro daga ƙasarsu. Kana shiga garin abin da za ka fara gani shi ne 'yan ƙasa biyu sun tare wata mace daga cikinsu suna ce mata 'yar leƙen asiri. Mu da muka ga yadda mutanen Mubi da Michika da Madagali suka cika garin nan a 2014, ba sai an fassara mana ba. Wanda ya rubuta wannan wurin ya san mutane. Na yaba masa.

Sai dai ya yi rabin aiki. Idan kai mai wasa ka zaɓi zama Khajiit, ƙofa a buɗe take gare ka, ba mai hana ka, har sarautar gari za a ba ka. Wato wulakancin na kallo ne, an hana ka ɗanɗana shi. Sun ji tsoron kada mai saye ya ji haushi.

Cinikin cikinsa ma da gyara, kuma nan fagena ne. Sun yi daidai da suka sa kowane mai shago kuɗin aljihunsa ke ƙarewa, sai ka jira kwana biyu, kuma kaya na da nauyi, in ka yi lodi fiye da ƙarfinka ba ka iya gudu. Kayan sata kuma mai shagon kirki ba ya karɓa, sai dillalin ɓarayi. Amma babu tayi, babu "albarka", babu "na sallama". Babu bashi. Kasuwar da babu bashi da amana ai ba kasuwa ba ce. Ni da nake ba mutum yadi ya tafi Ganye ko Garwa ya dawo bayan wata da kuɗina, na san abin da ke riƙe da kasuwa, kuma babu shi a wasan.

Babban aibinsa a wurina ba bokancin ba ne, shi ne abin da suke kira ajiye wasa. Kafin ka yi ta'asa sai ka ajiye. Ka kashe mai shago, ka kwashe kayansa, in dogarai sun kama ka sai ka koma baya, kamar ba a yi ba. Mamaci ya tashi, laifi ya goge, ba nadama, ba biyan diyya. Kuma mafi yawan dukiyar jarumin daga kaburbura take fitowa: ka shiga kushewar mutanen da, ka kashe gawar da ta tashi, ka kwashe abin da aka binne ta da shi, a kira ka gwarzo. Yaron shagona dariya ya yi da na ce wannan ɗan fashin maƙabarta ne.

Maganar aƙida fa? Akwai ta. Akwai wuraren bauta da in ka latsa za a ce an warkar da kai an sa maka albarka. Akwai wani aike da wani shaiɗani ke neman ka kawo abokin tafiyarka ka yanka masa shi. Ana iya ƙin yi, ana iya gama wasan ba a taɓa su ba, ni ban taɓa ba. Ra'ayina, kuma ra'ayin ɗalibi ne, baligi mai hankali da ya san ƙage ne bai yi shirka don ya latsa maɓalli ba, kamar yadda mai ba da tatsuniyar Dodo bai yi imani da Dodo ba. Amma yaron da bai gama Ahalari ba, me ya kai shi? Su kansu masu tace wasanni a Turai sun rubuta a jikinsa cewa na ɗan shekara 18 ne. Mu ne ba mu karanta kwali, ga shi ma ba da kwali yake zuwa mana ba, a filas ake turo shi. Kuma masu yin wasannin nan sukan ɗebo abin addini su yi ado da shi ba su san nauyinsa ba. A 2008 sai da Sony ya jinkirta fitar da LittleBigPlanet saboda an gano kalmomin Alƙur'ani cikin wata waƙar Toumani Diabaté, makaɗin Mali, da aka saka a ciki.

Na biyu shi ne Genshin Impact, na kamfanin miHoYo na China, 2020. Wannan shi ne ke cikin wayoyi, kuma kyauta ake sauke shi. Kyau kam yana da shi, launi kamar atamfa sabuwar yayi, kiɗa mai daɗi, ko da yake shigar matan ciki ba ta zaman falo ba ce. Amma ni ɗan kasuwa ne, in aka ce min kyauta sai na nemi inda aka ɓoye ribar. Ga ta nan: jarumai mafi ƙarfi ba a sayar da su kai tsaye, ƙuri'a ake ja. Kowace ja tana cin duwatsu 160, waɗanda ake tarawa da wahala ko a saya da kuɗi. Damar samun babban jarumi a ja ɗaya ita ce kashi 0.6 cikin ɗari, wato shida cikin dubu. Sun yi alkawarin in ka kai ja 90 dole ka samu, amma ko a nan rabi da rabi ne ya zama wanda kake so. In ba shi ba ne, ka sake wani zagayen. Kuma jarumin makonni kaɗan zai yi a kasuwa a janye shi, don ka yi sauri. Cikin wata shida na farko, ta waya kaɗai, wasan ya tara sama da dala biliyan 1. Kyauta ke nan!

Wannan ba na jin nauyin kiran sunansa. Ka ba da kuɗi tabbas, ka karɓi abin da ba ka sani ba: garari ne, ƙanin caca, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta gama magana kan caca. Ba mu kaɗai muka gani ba. Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatunan sa'a a matsayin caca tun 2018, kuma a Janairun 2025 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 20, tare da daina sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 ƙuri'ar ba da izinin iyaye ba. A nan unguwar na zauna sulhu tsakanin wani uba da ɗansa, bayan kuɗin makaranta sun bi ta wayar wani mai saya wa yara duwatsun nan. Yaron ba ɗan iska ba ne, kuka yake yana cewa saura ja kaɗan ne ya rage. Kalmar ɗan caca ke nan sak.

Sannan yana kiranka kullum. Akwai aiken yau da in ba ka yi ba ya wuce, akwai wani ƙarfi da ke cika a hankali, in ka bar shi ya cika ka yi asara. Skyrim in ka rufe shi shekara zai jira ka. Wannan kuwa ya yanka maka wazifa. Ƙasar da ta ƙera shi, a 2021, ta taƙaita wa yaranta wasan intanet zuwa awa uku a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa kamuwa da gem cikin jerin cututtuka tun 2019. Mai abu ya san abinsa.

Na uku shi ne ya fi ba ni sha'awa, kuma ban ga yaro ko ɗaya a nan da ya san shi ba sai da muka nema. Sunansa Aurion, maƙwabtanmu na Kamaru suka yi shi, kamfanin Kiro'o Games na Yawunde ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fito a Afrilun 2016. Sun yi shi ne cikin ɗaukewar wuta irin tamu, da kuɗin da suka tara ta sayar da hannun jari. Labarin Enzo ne, yariman Zama, wanda a ranar aurensa da naɗinsa ɗan'uwan amarya ya yi masa juyin mulki, aka kore shi da matarsa Erine. Matar nan ba adon labari ba ce, tare suke yaƙi, ita ke yi masa magani idan ya jikkata. Wannan kaɗai ya fi min duk auren Skyrim, inda za ka rataya laya a wuya ka tambayi mace, ta ce to, shi ke nan.

Zanen hannu ne, ba shi da faɗin na Amurka, hanya ɗaya ce kake bi, surutu ya yi yawa a wasu wuraren, faɗan kuma ya fi ƙarfin yatsuna, sau da yawa sai na miƙa wa yaron. Ƙarfin jarumin daga kakanni yake saukowa, wanda ba tafarkinmu ba ne, kuma na faɗa wa yaron haka. Amma fuskokin namu ne, tufafin na nahiyar nan ne, kuma tambayar da ke cikinsa ta manya ce: wane irin sarki za ka zama in ka dawo? Ba ya neman ko sisi bayan ka saya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, Yawunde ta yi, mu fa? Ga jami'ar Modibbo Adama a Girei, ga ta Amurka a Yola, duk ana koyar da kwamfuta. Kayan labari kuwa a zube suke. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Lamiɗo Zubairu ya fita daga garin a 1901 Turawa na bin sa. Ga duwatsun Sukur da matakalarsu, ga Bagale a tsallaken kogi. A ba ni bafatake ɗaya da jakai biyar da bashin goro a kansa, ya taso daga Kano zuwa Ngaundare, ya koyi Fulatanci a hanya don a bar shi ya kwana cikin gari, madugu ya mutu a tsakiyar daji, ayari ya rabu biyu. A sa masa tayi da "albarka". A cire masa komawa baya, in ya ci amanar mai masauki a Garwa, labarin ya riga shi isa kasuwa ta gaba.