WWF SmackDown! 2: Gem ɗin Da Ya San Abin Da 'Yan Kallo Suka Zo Nema

A watan Nuwamban 2000 kamfanin THQ na Amurka ya fitar da WWF SmackDown! 2: Know Your Role a kan PlayStation ta farko, wata takwas kacal bayan fitowar yayansa a watan Maris. Waɗanda suka ƙera shi kuwa mutanen Japan ne, kamfanin Yuke's, wanda tun 1995 ya fara gwada hannunsa da Toukon Retsuden, gem ɗin kokawar ƙungiyar New Japan. Gaggawa irin wannan ba ta cika haifar da ɗa mai ido ba, amma a nan ta haifa. A ganina, duk cikin wasannin resilin da aka buga a faifai don wannan na'ura babu wanda ya kama ƙafarsa.

Sai an tuna abin da ake da shi kafin zuwansa za a gane dalili. WWF War Zone na 1998 da WWF Attitude na 1999, duka na kamfanin Acclaim, suna da kyan gani a zamaninsu, har da muryar masu sharhi. Sai dai kafin ka ɗaga abokin karawa ka maka shi da ƙasa, dole ka haddace jerin dannawa: hagu, dama, ƙasa, sannan maɓalli. Wanda bai haddace ba haka zai yi ta naushi da shuri har a tashi. Yuke's suka share wannan duka. Maɓallin kuros na duka ne, alwatika na gudu, murabba'i na karewa da mayar da martani. Da'ira ita kaɗai tana wurga mutum ga igiya, in ka haɗa ta da wata kusurwa kuma sai kamu ya canja. Idan ma'aunin da ke ƙarƙashin sunanka ya cika, kuma abokin karawa ya jigata, L1 kawai za ka taɓa, Triple H ya yi Pedigree, Steve Austin ya yi Stunner, Kane ya shaƙo wuya ya ɗaga sama. Yaron da yau ya fara riƙe hannun gem zai iya ba tsohon hannu wahala kafin a zagayo sau biyu. Wannan ya sa a gidajen gem na garuruwanmu, inda ake biyan kuɗi a buga a ba na baya wuri, ya samu gindin zama kusa da ƙwallo.

Akwai masu cewa sauƙin nan ya sa gem ɗin ba shi da zurfi, suna kafa hujja da WWF No Mercy wanda kamfanin AKI ya yi wa Nintendo 64 a wannan watan dai. Gaskiya ne No Mercy ya fi nauyi, ya fi natsuwa, kowane kamu kana jin ƙarfinsa. Amma ba abu ɗaya suke nema ba. A kokawarmu ta gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa zance ya ƙare, makaɗa su ɗauka. A resilin ɗin Amurka faɗuwa ita ce farkon labari: a kayar da kai, ka tashi, a rafka maka kujera a ka, rafali ya ƙirga biyu ka fizge kafaɗa, 'yan kallo su ɓarke da ihu. Wasan kwaikwayo ne da ake yi da jiki, kuma a shekarar 2000 ƙungiyar WWF tana kan ganiyarta a wannan fanni. SmackDown! 2 wannan hayaniyar ya kamo. Komai da gudu yake tafiya, babu tsayawa shan iska, kamar yadda shirin talabijin ɗin yake a daren Alhamis.

Jerin 'yan wasan shi kansa tarihi ne. Ga The Rock, wanda daga bakinsa aka ɗauko sunan gem ɗin. Ga Undertaker a sabuwar shigarsa ta ɗan babur, ga Kurt Angle mai lambar zinare ta Olamfik ɗin 1996, ga Chris Jericho, Rikishi da Tazz. Ga su Eddie Guerrero da Dean Malenko da suka tsallako daga ƙungiyar WCW a farkon shekarar. Mata ma suna nan: Chyna, Lita, Trish Stratus. Wasu kamar Austin da Shawn Michaels a kulle suke, sai ka yi nisa a kakar wasa ake buɗe maka su.

Inda gem ɗin ya fi burge ni shi ne ire-iren karawar. A watan Agustan 2000, a taron SummerSlam, aka yi wasan tebur da tsani da kujera na farko tsakanin Hardy Boyz, Dudley Boyz da Edge da Christian. Wata uku bayan haka ga shi a cikin faifai. Ka jingina tsani a tsakiyar fage, ka hau kana miƙa hannu ga kambun da ke reto, wani ya zo a guje ya ture tsanin, ku zube gaba ɗaya. Ga wasan akwatin gawa, ga Iron Man na wanda ya fi yawan kaye kafin lokaci ya cika, ga wanda ɗayanku zai zama rafali ya ƙirga yadda ya ga dama, wato dai hanyar haddasa rigima tsakanin abokai. Sannan ga Hell in a Cell, wasan cikin keji. Kejin gem ɗin bai yi kama da na gaske ba, don a matse yake da fagen babu filin zagayawa. Duk da haka kana iya fasa gefensa ka fita, ka haura rufin, ka jefo mutum ta cikinsa. Duk wanda ya ga abin da Undertaker ya yi wa Mankind a King of the Ring na 1998 ya san abin da yara suke ƙoƙarin maimaitawa a can sama. Faɗan kuma bai tsaya a fage ba, ana iya jan juna har bayan dandamali, a ɗauki duk abin da hannu ya kai gare shi. In akwai Multitap, na'urar ƙara hannayen gem, mutum huɗu za su zauna lokaci guda, kuma a nan ne gem ɗin yake nuna ainihin kansa.

Wajen ƙirƙirar ɗan kokawa ma an yi gyara sosai. A gem na farko kai da gangar jiki da ƙafafun wasu kawai kake haɗawa. A wannan kuwa kana zaɓen fuska, gashi, sutura, launi da kamu ɗaya bayan ɗaya, har salon tsokanar da zai riƙa yi, ka adana a katin memori.

Aibinsa a fili yake, kuma mafi girma yana cikin kakar wasa. PlayStation ta farko megabayit 2 ne babbar ƙwaƙwalwarta, faifan kuma a hankali yake juyawa, don haka kowane ɗan motsi sai an yi lodi. Za ka jira, a nuna maka wani yana tafiya a bayan fage na 'yan daƙiƙu, ka sake jira. Wasannin da ba naka ba, ko ka ce a tsallake, sai ka zauna kana kallon ma'aunai biyu suna raguwa har ɗaya ya ƙare. Wani lokaci ma a shirya dare guda babu sunanka a ciki. Wannan ya cinye wa labarin armashi, alhali abubuwa masu daɗi da yawa ta nan kaɗai ake buɗe su. Babu mai sharhi ko ɗaya, sai kiɗa da ihun jama'a. Shigowar 'yan wasa ma ba a yi mata hanya ba, mutum ne kawai ke tafiya a gaban bidiyonsa. Saurin da na yaba kuma yana da kuɗinsa: za ka jefo mutum daga kan tsani ya miƙe nan take kamar ba a taɓa shi ba, abin da ke rage wa manyan kamu kwarjini.

Duk da haka an sayar da fiye da kwafi miliyan 3, kuma shi ne gem ɗin WWF na ƙarshe a wannan na'ura, don na gaba, Just Bring It, a PlayStation 2 ya fito a 2001. A 2002 WWF ta koma WWE, THQ ta durƙushe a farkon 2013, amma Yuke's suka ci gaba da ƙera wannan jerin har zuwa WWE 2K19. Na yanzu sun fi shi kyan hoto nesa ba kusa ba, sai dai sun tara dokoki da ma'aunai har baƙo ya rasa ta inda zai fara. Wanda ya samu faifan nan da na'urar da ke karanta shi, kada ya ɓata lokaci a kakar wasa. Ya nemi hannu na biyu da abokin bugawa, su fara da wasan tsani.