Dutsen Da Ba A Kira Sunansa Ba: Tsokaci Kan Ƙagaggun Labaranmu

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaranmu na Hausa zai lura da wani abu guda. Marubuci zai faɗi sunan motar da saurayi ya shigo da ita da irin leshin da budurwa ta ɗaura, amma da zarar labari ya fita bayan gari sai mu ji "wani dutse" ko "wani rafi". A ganinmu wannan rauni ne babba, domin kuwa mutumin karkara bai san wani dutse ba. Kowane dutse da sunansa, kowace ƙorama da nata.

Mu ɗauki kudancin Jihar Jigawa misali. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen dauri suka bar zanen shanu a jikin duwatsu, ga kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa in an buga su. Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu cikin shekarun 1950, da sunayen da mutanen gari ke kiransu, shi ya sa masana na ƙasashen waje suka san su. A ƙasar Gwaram akwai garin Farin Dutse, wanda sunansa kaɗai ya isa ya kafa wa mai karatu hoto. Kogin Bunga kuwa, in ya gangara gaba, sai a koma kiransa Jama'are. Labarai nawa muka rubuta da suka ambaci ko da ɗaya daga cikin waɗannan?

Magabata ba su yi wannan sakaci ba. Tarihin Kano ya ajiye Barbushe a kan Dala, ya kuma ambaci Gwauron Dutse da Magwan da Fanisau. Saboda haka har gobe mutum na iya taka ƙafa ya je ya gani da idonsa.

To, mene ne abin yi? Marubuci ya ɗauki littafi da biro ya zauna da manoma da maharba da Fulani makiyaya, domin su ne ma'ajiyar sunayen nan. Ya rubuta suna yadda aka furta shi, da ƙ da ɗ da ɓ, tunda taswirorin zamanin Turawa ba su damu da waɗannan haruffa ba. In an ba shi suna biyu, na Hausa da na Fulatanci, ya riƙe duka. Sai dai a yi hattara da ƙagen asali. Kada don suna ya yi kama da wata kalma mu ƙirƙiro masa tatsuniya mu kira ta tarihi. Abin da dattijo ya faɗa, a ce dattijo ne ya faɗa.

Dattawan nan suna ƙarewa, yara kuma sun fi sanin sunayen unguwannin birni. Tun ran gini tun ran zane. Allah ya sa mu ga labarin da zai kai mu gindin Dutsen Mesa, ya kira shi da sunansa.