Wa Ya Naɗe Shimfiɗar Fuska A Gidajen Abincinmu?

Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma da alama karin maganar ba ta samu shiga yawancin gidajen abincin da ake buɗewa a biranenmu ba. Daga Kano zuwa Kaduna, daga Sakkwato zuwa Jos, an shimfiɗa tayil, an saka na'urar sanyaya ɗaki, an rataya talabijin, sannan aka bar fuskar da za ta tarbi baƙo a murtuke. Mukan yi sallama a amsa mana da ido. Mu zauna minti 20 babu wanda ya ce mana ci kanku, alhali ma'aikata uku na jingine da kanta, kowa ya duƙufa kan wayarsa.

Sauran halayen duk mun san su. A miƙo maka takarda mai jerin abinci kala-kala, duk wanda ka nuna a ce "babu", ko "yi haƙuri" ba za a haɗa maka da shi ba, har ka gaji ka tambayi abin da ake da shi, a ce shinkafa da miya. Ka nemi taushe a kawo maka kuka, in ka yi magana a ce ai duk miya ce. Wata ta dangwarar da faranti tana ƙas-ƙas da cingam, wani ya zo yana shara a ƙarƙashin ƙafarka kana tsakiyar loma. Wajen biya kuma sabon babi ne: ko dai babu canji, ko kuma, tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 da ya tura kowa ga transfa, a tsare dattijo a bakin kanta kamar wanda aka kama da sata har sai alat ya shigo.

Abin mamaki, a bakin titin da ke gaban wannan gini akwai mai shayi da ya san cokali nawa na sukari kowane abokin cinikinsa ke sha. Yana tarbar mutum da "Alhaji, an fito?", yana ba da bashi, yana tambayar jikin mai jego. Mai tuwo a tasha takan ƙara maka gyara ba ka roƙa ba. Su ba su je makarantar koyon tarbar baƙi ba. Teburin nasu ne, kuma sun san duk wanda ya tashi da fushi ya tafi da wani yanki na jarinsu. Yarinyar da ke bayan kanta a babban gidan abinci kuwa, ko an sayar da faranti 10 ko 100, abin da za ta karɓa a ƙarshen wata ɗaya ne.

Ruwa ba ya tsami banza. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya Naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a nan mafi yawan gidajen abincinmu suke. Sau da yawa babu takardar ɗaukar aiki, babu tsayayyar ranar hutu. Ana tsaye daga safe har dare, in kofi ya fashe a zaftare a albashi, in wani ya ci ya sulale ita za ta biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye kaso mai tsoka na ɗan abin da take samu, a tsakiyar 2024 kuma hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Tana ɗaukar kazar da kuɗinta kan fi ladanta na yini, ta ajiye a gaban wani, muna kuma jiran ta yi mana murmushi.

Masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama a littafinta The Managed Heart na 1983, inda ta nuna cewa fara'ar da ake yi wa mai saye aiki ce kamar ɗaukar kaya: ana koyar da ita, tana gajiyar da mai yi, kuma mai kamfani ne ke cin ribarta. A wajenmu mai gidan abinci yana son ribar, amma bai koyar ba, bai biya ba. Yakan ɗauko ɗan ƙanwarsa ko 'yar maƙwabta yau, gobe ya ɗaura mata tire. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A gidan abinci dai mu mun fi ganin laifin sarkin.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu ci yaya muke kiransu? "Ke!" "Kai, zo nan!" Wani ya tafa hannu, wani ya buga cokali a jikin kwano. Magidanci mai 'ya'ya sa'anninta ya riƙe mata hannu yana neman lambar waya, in ta ƙi ya kai ƙararta wajen Hajiya cewa ba ta da kunya. A unguwa kuma ana yi mata kallon wadda ta fita daga sahun 'yan mutunci don kawai tana aiki inda maza ke cin abinci. Yarinyar da ta gane cewa fara'arta ana fassara ta da wata manufa, dole ta ɗaure fuska, kuma ɗaurin ba ya bambance mai mugun nufi da wanda yunwa kawai ta kawo shi.

Wannan bai wanke kowa ba. Muna ganin yadda fuskar nan take washewa da zarar mai babbar riga ya shigo yana kaɗa makullin mota, ta sake haɗewa in mai silifas ya biyo bayansa. Wanda ya iya girmama mai kuɗi ya iya girmama kowa, kuma talakan da ya tara kuɗinsa don ya fitar da iyalinsa sau ɗaya bai cancanci wulaƙanci ba.

Marubutanmu ma suna da nasu kason. A ƙagaggun labaranmu gidan abinci wuri ne da saurayi ke kai budurwa ya burge ta, ma'aikacin kuma hannu ne kawai da ke ajiye lemo, ba suna ba gari. A finafinan barkwanci, mai abinci masifaffiya ce da ake dariyar ashariyarta. George Orwell ya yi wanke-wanke a wani otal na birnin Paris, ya rubuta abin da ya gani a Down and Out in Paris and London a 1933, har mai karatu ya san zafin kicin da ƙiyayyar da ke taruwa a zuciyar mai hidima. Mu har yanzu alƙalumanmu suna zaune a kujerar mai ci. Muna son karanta labarin yarinyar da ta baro ƙauye, take kwana su shida a ɗaki ɗaya bayan kicin, take aika wa mahaifiyarta rabin albashinta, take kuma lissafin kofin da ya fashe.

Kafin a rubuta shi, gyaran ba mai wuya ba ne. Mai gida ya koyar kafin ya ɗaura tire, ya biya a kan lokaci, ya tsaya wa ma'aikaciyarsa in an ci zarafinta. Ma'aikaci ya amsa sallama, ya faɗi abin da ya ƙare tun kafin a zauna. Mu kuma mu koyi cewa "sannu da aiki" kafin mu tambayi abin da aka dafa.