Yatsa Cikin Kunci: Abin da Ya Cancanci Kariya a Aikin Kairofiraktik

Masu sukar kairofiraktik, sana'ar gyaran ƙashin baya da hannu, suna da hujja guda da ba sa gajiya da ita, wato asalinsa. Daniel David Palmer ne ya kafa shi a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shekarar 1895, bayan ya yi iƙirarin cewa ya dawo wa wani mai shara, Harvey Lillard, da jinsa ta hanyar danna masa ƙashin baya. Daga nan ya kafe a kan cewa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashin baya take. A 1906 an ɗaure shi saboda yin aikin likita babu lasisi. Ƙungiyar likitocin Amurka ta shafe shekaru tana yaƙar sana'ar, har wata kotu a Chicago ta same ta da laifin haɗa baki don karya ta a 1987. Duk wannan gaskiya ne, kuma aƙidar Palmer ba ta da tushe. Amma wanda muƙamuƙinsa ke hana shi tauna loma ba tarihi ya zo tambaya ba.

Su ma likitoci, tarihinsu da gaɓar muƙamuƙi ba abin tinƙaho ba ne. A 1934 James Costen, likitan kunne a St. Louis, ya danganta ciwon da rashin daidaituwar haƙora. Aka ɗauki zancen aka yi ta goge wa mutane haƙora masu lafiya ana neman daidaita cizo. Daga baya kamfanin Vitek ya fito da wani faifan roba da ake dasawa a gaɓar, ya riƙa rududdugewa yana cinye ƙashi, sai da hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi a farkon shekarun 1990. Haƙorin da aka goge ba ya tsirowa. Saboda haka idan ana ƙirga ɓarna, a ƙirga ta kowa.

Gaɓar muƙamuƙi tana gaban kunne. Ka ɗora yatsa a wurin ka buɗe baki, za ka ji kan ƙashin yana juyawa sannan ya zame gaba, bisa wani ɗan faifai mai laushi da ke tsakaninsa da ƙoƙon kai. Ƙarar nan ta ƙas da wasu ke ji, yawanci faifan ne ya ɗan zame gaba, ƙashin kuma yana haye shi. Mutane da yawa suna da ita babu wani ciwo, ba kuma sa bukatar magani. Mafi yawan masu ciwon, matsalarsu a tsoka take, tsokar da ta gaji da datse haƙora da rana saboda damuwa, ko gurza su cikin barci, ko taunar cingam dare da rana.

A nan ne aikin da nake karewa yake, kuma ba shi ne mai ƙarar ɓas ɗin da ake yaɗa bidiyonsa ba. Mai aikin zai fara auna buɗewar baki. Lafiyayye yakan kai milimita 40 ko fiye, kimanin yatsu uku a jere. Zai lura ko haɓar tana karkata gefe yayin buɗewa. Sai ya sa safar hannu, ya zura manuniya cikin kunci, babban yatsa a waje, ya kama tsokar tauna tsakaninsu. Tsoka ce gajera mai kauri, daga ƙashin kumatu zuwa kusurwar muƙamuƙi. Yana bin ta a hankali har ya tarar da wani ɗan kulli mai tauri. Mara lafiya ne zai faɗa masa ya samu, domin sau da yawa zafin ba a wurin yake tsayawa ba, sai ya harba cikin kunne ko cikin turamen haƙori na ƙasa. Wannan harbi shi ne ya sa wasu suka yi ta ɗiga maganin kunne, wasu ma aka cire musu haƙori, ciwo yana nan daram. Ba ya murzawa da ƙarfi. Dannawa yake ya tsaya, daidai gwargwadon abin da mutum zai iya jurewa, har zafin ya fara sauka, sannan ya ce a buɗe baki sannu a rufe, yatsan na nan. Daga nan ya matsa sama ya nemi jijiyar tsokar da ta shimfiɗu a gefen kai, wadda ke kawo ciwon kai irin na ɗaurin rawani da ya matse. Wasu masu aikin na cewa suna kaiwa har ga ƙaramar tsokar da ke ɓoye bayan haƙorin ƙarshe na sama. Masana ƙirar jiki suna shakkar yatsa na isa can, ni ma ina tare da su. A ƙarshe sai ya ɗora babban yatsa bisa turamen ƙasa, ya ja muƙamuƙin ƙasa da gaba kaɗan, ya sake, ya maimaita. Babu fizga.

Ana cewa ai wannan tausa ce kawai, likitan gashin ƙashi ma yana yi. Haka ne, kuma wannan yabo ne. Wani ƙaramin gwaji da masu kairofiraktik suka yi a Ostareliya, aka buga a 2012, ya nuna sauƙin ciwo ga waɗanda aka yi wa wannan aiki, musamman idan an haɗa da koya musu kula da kansu. Mutanen ba su kai 100 ba, don haka ba a gina masa gida. Abin da ya fi nauyi shi ne jagorar da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar a 2023 kan ciwon muƙamuƙi da ya daɗe. Ta ba da ƙarfi ga danna kullin tsoka da hannu, da motsa gaɓar a hankali, da atisayen muƙamuƙi, da koyon sarrafa damuwa. Ta ƙi amincewa da cire faifan gaɓar da duk wani abin sawa a baki da ke sauya cizo har abada.

Inda na raba gari da masu sana'ar shi ne wuya. Gaskiya ne jijiyoyin saman wuya da babbar jijiyar fuska suna haɗuwa a wuri guda, shi ya sa ciwon ɗaya kan taɓa ɗaya. Amma wannan bai halatta murɗe wuya da fizga ba, domin an sha danganta hakan da tsagewar jijiyar jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, ko da yake ba kasafai ba. Duk wanda ya ce maka ƙashin wuyanka ya goce, ka biya kuɗin zuwa na wata shida, Palmer ne ke magana da bakinsa. Haka nan muƙamuƙin da ya kumbura da zazzaɓi, ko ya karye, ko ya fita ya ƙi komawa bayan hamma, asibiti za a nufa da shi.

Mafi ingancin masu sana'ar su ne masu sallamar ka da wuri. Za su koya maka ajiye harshe a ganda, leɓɓa a rufe, haƙora ba sa taɓa juna sai lokacin tauna. Za su ce ka gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ka ajiye ƙashi da goro da cingam na ɗan lokaci, kuma su nuna maka yadda za ka kama tsokar da yatsunka a gida.