BABI NA HUƊU: MATSAYIN GUGUWA DA SAUYIN YANAYI A WASAN BATTLEFIELD

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan zubi da tsarin wasan yaƙi na kwamfuta mai suna Battlefield, wanda kamfanin DICE na ƙasar Suwidin yake shiryawa, da yadda mutane da yawa suke haɗuwa ta intanet su kasu gida biyu su gwabza. A wannan babi kuwa za a tarke yadda aka yi amfani da guguwa da hazo da ruwan sama a cikin fitowa uku na wasan, wato Battlefield 4 (2013) da Battlefield 1 (2016) da kuma Battlefield 2042 (2021). Ra'ayin wannan nazari shi ne, ba girman guguwa ko kyan hotonta ne ke ba ta daraja a cikin wasa ba, sai dai irin shawarar da take tilasta wa ɗan wasa ya yanke.

4.1 Ma'aunin Tarke

Kafin a shiga sharhi, ya dace a bayyana ma'aunin da aka ɗora hukunci a kai. Na farko shi ne alama, wato ko ɗan wasa yana ganin haɗuwar hadari tun kafin ya sauko, har ya samu damar yin shiri. Na biyu shi ne tasiri, wato ko yanayin yana sauya dabarun yaƙi, ko kuwa ado ne kurum. Na uku shi ne dacewa da jigo, wato ko guguwar tana da dangantaka da saƙon da wasan yake ɗauke da shi. Dalilin zaɓen waɗannan ma'aunai shi ne, wasan kwamfuta ya bambanta da fim ko wasan kwaikwayo. Mai kallon fim ba ya da hannu a cikin abin da ke gudana, amma ɗan wasa shi ne mai kallo kuma shi ne tauraro. Saboda haka duk abin da bai shafi aikinsa ba, rabinsa kawai ya cika.

4.2 Guguwar Teku a Battlefield 4

Fagen da ake kira Paracel Storm an gina shi ne a kan tsibiran da ke Tekun Kudancin Sin. Akan fara wasa sararin sama garau, teku kwance. Sannu a hankali sai gari ya yi duhu, iska ta taso, ruwa ya kece, igiyoyin teku su riƙa tumbatsa. Abin lura a nan shi ne, igiyar da wani ɗan wasa yake gani ita ce abokin gabarsa yake gani a daidai wannan lokaci. Wannan ya sa mai ƙaramin jirgin ruwa zai iya ɓuya a bayan igiya, mai harbi daga cikin jirgi kuma saitinsa ya riƙa kaucewa saboda tangaɗi. Haka nan kuma, idan guguwa ta kankama, 'yan wasa na iya harbin wata doguwar fankar samar da lantarki wadda wani babban jirgin yaƙi ya maƙale a jikinta. Da zarar ta karye sai jirgin ya kwararo ya daki tsibiri, ya zama sabuwar mafaka.

Idan aka ɗora wannan a kan ma'auni, za a ga ya cika sharaɗi na farko da na biyu. Guguwar tana zuwa mataki-mataki, kuma tana raba wasan gida biyu: yaƙin kafin hadari da yaƙin bayansa. Rauninta shi ne maimaici. Tun da yake kusan yadda ta zo jiya haka za ta zo yau, wanda ya daɗe yana wasan ba ya jin fargabarta.

4.3 Ƙura da Hazo a Battlefield 1

Battlefield 1 ya ɗauko labarinsa ne daga Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918). A nan masu shirya wasan sun gyara raunin da aka ambata a sama, domin yanayi ba ya bin tsari guda. Wata rana hazo ya sauko, wata rana ruwa, wata rana kuma a tashi wasa gari a washe. Misali mafi fitowa fili shi ne fagen Sinai Desert, inda sojojin Ingila suke karawa da na Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Fili ne fetal, wanda maharban nesa da jiragen sama da tankoki suke cin karensu babu babbaka. Amma da guguwar rairayi ta taso, sai gani ya taƙaita. Maharbin da ke kwance a kan tudu ya rasa abin saitawa, matuƙin jirgin sama ya daina ganin ƙasa, barade masu dawaki da dakarun ƙasa masu bindigogin kusa kuwa su samu damar ketare fili. Wato dai ƙura takan karɓe iko daga hannun mai ƙarfi ta miƙa wa mai rauni na ɗan lokaci.

Wannan salo yana da tushe a tarihi. A ranar 26 ga Maris 1917 hazon asuba ya jinkirta farmakin da sojojin Ingila suka kai Gaza, haka kuma a ranar 21 ga Maris 1918 hazo ya rufa wa sojojin Jamus asiri a farkon babban farmakinsu a Faransa. Ke nan yanayin ya dace da jigon wasan, wanda yake nuna soja a matsayin ɗan ƙaramin mutum a tsakiyar abin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai masu ganin cewa irin wannan tsari rashin adalci ne, domin yana shigar da sa'a cikin gasar da ya kamata ƙwarewa ce za ta raba gardama. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta cika ba. Ƙurar ba ta zaɓar ɓangare, kuma sauya makami da dabara daidai da halin da aka shiga shi kansa ƙwarewa ne. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce, tasirin ya tsaya ne a kan gani kawai. Ƙishirwa da zafin hamada, waɗanda suka galabaitar da sojojin Sinai na gaskiya, ba su da gurbi a wasan.

4.4 Guguwa Mai Murɗawa a Battlefield 2042

A wannan fitowa ce aka fi kambama yanayi. Labarin ya nuna duniyar da sauyin yanayi ya ɗaiɗaita, ƙasashe suka rushe, jama'a suka zama marasa ƙasa, har wasunsu suka shiga yaƙin Amurka da Rasha. An faɗaɗa fage har ya ɗauki 'yan wasa 128 maimakon 64, an kuma kawo guguwa mai murɗawa wadda take tsotse mutane da motoci ta yi jifa da su. A fagen Hourglass ma an nuna birnin Doha na ƙasar Katar rairayi ya binne shi.

Duk da wannan ƙasaita, guguwar ta gaza a ma'auni na biyu. Ƙurar Sinai takan rufe fage baki ɗaya, don haka kowa sai ya sake lissafi. Ita kuwa wannan, wani yanki kaɗai take bi a cikin makeken fili. Wanda yake nesa kallonta kawai yake yi, wanda ta rutsa da shi kuma abu biyu ne gabansa: ya gudu, ko ya bari ta ɗaga shi ya buɗe laimar sauka. Babu wata dabarar haɗin gwiwa da take haifarwa. Da ta wuce, yaƙi ya koma yadda yake.

Gazawarta a ma'auni na uku ta fi muni. Wasan ya ɗauko jigo mai nauyi, wato bala'in sauyin yanayi da gudun hijira, amma bai zo da sashen labari na ɗan wasa guda ba, inda za a warware jigon. Sakamakon haka sai abin da ya raba mutane da gidajensu a cikin labarin ya koma abin shilo a cikin wasan. Salo ya rinjayi jigo har ya danne shi.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa guguwar Battlefield 4 tana da alama da tasiri amma tana fama da maimaici, ta Battlefield 1 ta fi kusa da cika sharuɗɗan nan uku, ta Battlefield 2042 kuwa ta fi kowace girma amma ta fi kowace ƙarancin aiki. Babi na gaba zai duba yadda aka sarrafa sauti, musamman rugugin tsawa da kukan iska, wajen gina fargaba a zuciyar ɗan wasa.