Sabulu: Gyara a kan Yadda Ake Bin Asalin Kalmomin Aro

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna a littattafan makaranta da kundayen ɗalibai, watau a jera kalmar sabulu tare da salla da zakka da alƙalami, a ce duka aro ne daga Larabci, a wuce. Ba a yi ƙarya ba, amma an taƙaita. Abin da ya fi wannan illa shi ne hukuncin da kan biyo baya, wai tun da sunan baƙo ne, to, abin ma Larabawa suka kawo shi.

Ita kanta kalmar sabun baƙuwa ce a Larabci. Mutanen Holan suna cewa zeep, Jamusawa Seife, mutanen Wales da ke yammacin Birtaniya kuwa sebon. Biyun farko gado ne daga tsohon harshen kakannin Jamusawa, kuma a wajensu ne Rumawa suka ari sapo. Pliny, marubucin Rum da ya rasu a shekara ta 79, ya ambace ta, ya ce da kitse da toka ake haɗa abin, kuma don rina gashi ya yi ja ake shafa shi. Ba maganar wanka ke nan tun farko. Siga ta Wales tana da n irin ta Latinanci, saponem, kuma wannan n ɗin ce ta bi ta Girkanci har ta kai Larabci, ta fito a sabuni na Swahili da saabunnde na Fulatanci.

To, ina Hausa ta sami l? Wasalin ƙarshe ba abin mamaki ba ne, domin kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa. Musayar n da l ma sananniya ce, kamar yadda kalmar lamba ta nuna. Amma fa Barebari suna cewa shawul, da l, kuma tun 1960 Greenberg ya kawo hujjar cewa kasuwa da karatu da rubutu ta Barno suka shigo. Ya kamata a auna sabulu da wannan ma'auni kafin a rubuta "Larabci" a rufe littafi. Shi ne kuma, a 1947, ya bambanta aron da ya zo ta bakin fatake da wanda ya zo ta littattafan malamai, bambancin da masu jerin nan suke tsallakewa.

Batun hukunci na biyu kuwa, kasuwar Kakuri ta isa shaida. Tun da masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, unguwannin kudancin kogi, irin su Kakuri da Makera da Nasarawa, suka cika da mutane daga ko'ina a Nijeriya, kuma ko bayan durƙushewar masaƙu ba su watse duka ba. A gaban tire ɗaya na sabulun salo, wanda da toka da mai ake dafa shi, Bahaushiya za ta ce sabulu, Bayarabiya ọṣẹ, 'yar ƙabilar Ibo ncha. Haja ɗaya ce, amma sunaye biyu daga cikin ukun ba su haɗa komai da Larabci ba. Ashe sana'ar tana iya zama a ƙasa ba tare da kalmar Larabawa ba, kuma sabon suna kan danne tsoho idan ya zo da haja mai daraja.

Ma'ana ma kowa da inda ya kai ta. A Wales seboni ya zama daɗin baki, einseifen na Jamusawa ya zama damfara, a Holan kuwa wanda aka aika "neman sabulu" an halaka shi ke nan. A shagunan Barnawa da Sabon Tasha ma'anar ƙuntata ta yi: mai cewa sabulu dunƙulalle yake nufi, garin wanki kuwa, ko wane kamfani ya yi shi, omo ake kiransa.