KUNNEN 'YAR YAYATA

 Yau kan waƙa zan yi magana, kuma abin da ya jawo maganar zuwan da na yi gida Daura ne lokacin Sallar Gani, na sauka ɗakin yayata, muka kwana biyar ɗaki ɗaya da ɗiyarta mai shekara 17 wadda an riga an sa mata rana.

Yarinyar nan tun da gari ya waye har dare abin sauraro na maƙale a kunnenta. Tana shara yana nan, tana wanke-wanke yana nan, sai an yi kira uku kafin ta ce na'am. Ran nan na ce, "Ke, ba ni wayar nan in ji abin da ya ɗauke miki hankali haka." Ta miƙo tana dariya ta ce, "Anti ai ba za ki gane ba, na zamani ne." Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga Hamisu Breaker, ga Umar M. Shareef, ga Nura M. Inuwa, ga Ado Gwanja, sai 'yan guntaye da ta kwaso daga TikTok waɗanda ita kanta ba ta san masu su ba. Na duba sama da ƙasa ban ga Shata ko ɗaya ba. Da na tambaya sai ta taɓe baki ta ce wai wannan ai ta tsofaffi ce, a tambayi Hajiya.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ina 'yar firamare a 1999 aka kawo gawar Alhaji Mamman Shata aka binne shi a nan Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, alhali shi mutumin Musawa ne. A ce ɗiyar Daura, kabarin mutumin na cikin garinsu, amma kunnenta bai san shi ba?

To amma kafin in zarge ta sai na tuna kaina. Mu ma da muka taso kaset ɗin Sangaya muke juyawa har ya tsinke mu ɗaure da bakin almakashi, mu hardace waƙar Lata Mangeshkar kaf ba mu san ma'anar kalma guda ba, Hajiya na faɗa wai mun zama 'ya'yan Indiya. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gidan ne dai yake canzawa. Saboda haka ba zan ce duk na yanzu banza ba ne, na da kuma duk zinari. Abin da zan yi shi ne in auna, kamar yadda mace ke auna atamfa a kasuwa, ta duba zane, ta murza ta ji kauri, ta tambaya ko tana zuba.

Na fari, kalma. Shata da kalangu da 'yan amshinsa yakan ɗauki mutum guda, direba ne ko manomi ko basarake, ya faɗi garinsu da iyayensa da sana'arsa da halinsa, har ka ji kamar ka taɓa zama da shi. Ko ba ka san Sarki Bashar ba, in ka ji waƙarsa ka san irin sarautar da aka yi a fadar nan. Yawancin na cikin wayar ɗiyata kuwa, masoyiyar da ake wa waƙar ba ta da gari, ba ta da uwa, ba ta da sana'a. Zuciya ce, da hawaye, da in babu ke zan mutu. Ki cire sunan mawaƙin ki sa na wani, babu abin da zai canza. A nan sai in cire Nura M. Inuwa, don shi yana saƙa magana, wani baitin sai kin sake ji sau biyu kafin ki kama inda ya dosa, haka ma Aminu Ala da ba ya wasa da Hausarsa.

Na biyu, murya. Gaskiya yaran nan suna da zaƙin murya, kuma sun iya karin da ke kama zuciya. Da Jaruma ta fito a 2020, lokacin da cuta ta kulle mu a gida, matan aure nawa ne suka taka wa mazajensu? Ni ma ban tsira ba. Inda nake da ƙorafi shi ne na'ura ta yi yawa. An tace muryar an goge ta har ta zama kamar tuwon da babu gishiri a miyarsa, ta wannan da ta wancan duk ɗaya. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, muryarta da kaushi, amma daga bayan katanga kika jiyo kin san ita ce, ba ki buƙatar a faɗa miki.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna, me waƙar ta bar miki bayan ta ƙare? Barmani ba waliyyiya ba ce, akwai waƙoƙinta da ba a sa su gaban siriki, kowa ya sani. Amma mace ce da ke magana da mata kan abin da ke gabansu: kishiya, haihuwa, da kama sana'a don kada ki zauna jiran hannun miji. Wadda ta tashi da wannan a kunne ta shiga ɗaki da shirinta. Wadda kuwa ta shekara biyar tana jin cewa so shi ne a kalle ki a kasa cin abinci, ranar da maigida ya dawo daga kasuwar Mai'aduwa a gajiye ya ce ina tuwo, sai ta ga kamar an yaudare ta. Mu marubuta littattafan soyayya ma da laifinmu a nan, ban ware kaina ba.

Ana gobe zan tafi aka yi wunin biki a maƙwabta. Can da la'asar tsofaffi suka kori mai na'ura, suka kife ƙwarya a cikin ruwa suka fara amada. Ina waigawa sai ga 'yar tawa a tsakiyar fili, ta cire abin kunnen, tana juyi kamar wadda aka haifa a ciki. Hajiya ta ce, "Ashe kishiyar tawa ta iya ta tsofaffin?" Ta ce, "Hajiya ai wannan a jini yake." Ashe ba ƙi ta yi ba, ba a ba ta ba ne.

Don haka 'yar uwa, kada ki fizge wayar ɗiyarki ki ce haram, za ta ɓoye ta ji a bayan idonki. Zauna ki ji tare da ita, ki tambaye ta me mawaƙin ya ce, in babu komai a ciki ita da kanta za ta ji kunya. Sannan ki kai wayar wurin masu tura waƙa a sa mata Shata da Barmani da Ɗan Maraya Jos a gefen nata. Ni dai haka na yi kafin in hau mota, kuma a cikin kayan da zan kai mata ranar biki har da ƙwarya sabuwa.

Allah ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, amin.